Waiwaye: yadda sutura ta zama ma'aunin bangaskiya a ikilisiyoyinmu

Gardamar sutura ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ikilisiyoyin Arewa. Yau ka ji an dakatar da budurwa daga ƙungiyar mawaƙa don ta sa wando, gobe ka ji an tare wata uwa a ƙofar majami'a don ba ta ɗaura ɗankwali ba, jibi a ja wa saurayi kunne kan askinsa. Matasa na cewa Allah zuciya yake dubawa. Iyaye na mayar musu da cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Da yawa suna jingina abin ga wayar hannu da abin da yara ke kallo a TikTok, kamar jiya aka fara. Alhali maganar ta girmi kakanninmu.

Abin da Nassi ya faɗa sananne ne. Annabi Sama'ila ya je gidan Yesse a Baitalami don ya naɗa sarki, tsayin Eliyab ɗan Yesse da kyansa suka ɗauke masa hankali, Ubangiji ya tuna masa cewa mutum waje yake gani, shi kuwa zuciya yake dubawa. Yesu ya kwatanta masu addinin ganin ido da kaburburan da aka shafe da farar ƙasa. Yakubu, a wasiƙarsa ta Sabon Alkawari, ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau su bar matalauci a tsaye. Bitrus da Bulus sun gargaɗi mata kan zinariya da tufafi masu tsada. Wajen shekara ta 200 Tertuliyan, wani malamin ikilisiya na birnin Kartaj, ya yi rubutu mai zafi kan adon mata. A ƙarni na 18 John Wesley, jagoran Metodis, ya yi wa'azi kan sutura a Ingila, yana kuka da kuɗin da ake zubawa a ado alhali matalauta na kwana da yunwa. A lura, yawancin gargaɗin nan a kan masu hali da alfahari ya sauka.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya faru a ƙasarmu tsakanin 1904 da shekarun 1950. A lokacin ba a cika barin aikin mishan ya shiga cikin masarautun Musulmi ba, sai masu bishara suka nufi ƙasashen duwatsu da na kwarin Binuwai: Wase a 1904, Numan a 1913, Garkida a 1923, ga kuma Langtang, Panyam, Miango, Kwoi da Kagoro. A wurare da dama (ba duka ba, domin akwai al'ummun da suka daɗe da saƙa) suturar yau da kullum ita ce walki ko bante ga namiji, ganye ga mace. Su a wurinsu wannan ba abin kunya ba ne. Suna da nasu ƙa'idojin mutunci, masu tsauri ma. Amma baƙi da fatake sukan yi musu kallon raini, su kira su da sunayen da har yau suke yi wa jikokinsu ciwo.

Sai ga makaranta da albashi da yadi da baftisma sun sauka kusan lokaci guda. Haƙar kuza a Filato ta sa kuɗi a hannun samari. Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a shekarun 1920, yadin kanti ya biyo shi. Yaron da ya shiga aji don ya iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, shi ne ya fara sa riga da gajeren wando a ƙauyensu. Shi ne ya tafi makarantar mishan ta Gindiri ya dawo malami ko mai bishara. Matarsa ce ta fara ɗaura zane. Kafin a daɗe, in ka hango mutum daga nesa a hanyar kasuwa, kana iya faɗin ko mai bi ne tun bai buɗe baki ba.

Ban ga laifin mutanen nan ba ko kaɗan. Zanen nan ya share musu hawaye, ya ba su damar shiga kasuwa da kotu da asibiti ba tare da an nuna su da baki ba. Amma ido ya koyi wani darasi da babu shi a ajin baftisma. Dattawan ikilisiya na farko, da za su tantance wanda ya isa a yi masa baftisma, suna bukatar alamar da za a iya nunawa: ya bar burkutu, ya tsaya ga mace ɗaya, ya daina zuwa wurin tsafi, ya sa tufafi. Duk waɗannan ana ganinsu cikin mako guda. Haƙuri kuwa, da riƙon amana, da cika mudu a ciniki, da yadda mutum yake yi wa matarsa magana in an rufe ƙofa, sai an shekara da shi kafin a sani. Horon ikilisiya ya bi abin da ido ke iya kamawa, ya saba da haka, ya gadar wa na baya.

Wusasa, kusa da Zariya, ta isa shaida cewa ba dole ba ne a yi haka. Kiristocin Hausawa da suka zauna a can bayan mishan ta tashi daga cikin birnin Zariya wajen 1929, ciki har da zuriyar Isawa (Hausawan da suka riƙe girmama Annabi Isa tun kafin zuwan mishan), sun ci gaba da babbar riga da hula da mayafi irin na maƙwabtansu Musulmi. A can sutura ba ta da abin da za ta gaya maka game da bangaskiyar mutum, sai ka zauna da shi. Bishara ɗaya ce aka kai wuraren biyu, tarihinsu ne ya bambanta.

Abin da ya biyo baya a kan wannan tushe aka gina shi. Ankon Zumuntar Mata ya zo da kyakkyawar niyya, don kada a bambanta matar attajiri da matar manomi, kuma ya yi aikinsa. Amma akwai matar da takan ƙi zuwa taro don ba ta da kuɗin zanen bana. Farkawar da ta ratsa ɗalibai a shekarun 1970 ta kawo koyarwar tsarki mai ƙarfi, aka cire 'yan kunne, aka bar jan baki. Daga baya wa'azin wadata ya zo, kwat da leshi da mota suka zama shaidar albarka. Ɓangarorin biyu ba sa ga maciji da juna, amma duk a jikin mutum suke karanta matsayinsa a gaban Allah.

Ba cewa nake a shigo sujada yadda aka ga dama ba. Kunya ado ce, kuma uwar da ke gyara wa 'yarta ɗaurin zane ƙauna take yi. Abin da ke damuna shi ne inda nauyin yake faɗawa. Na sha jin an mayar da yarinya bencin baya saboda wando, a gaban jama'a, ba tare da wani dattijo ya je gidansu ya ji halin da take ciki ba. Ban cika jin an yi haka ga wanda ya cinye gonar marayu ko ya riƙe haƙƙin ɗan ƙwadago ba, muddin yana zuwa da farar riga yana ba da baiko. 'Yan matan nan suna ganin wannan bambanci, kuma wasunsu tun daga ranar ba su sake taka ƙofar majami'a ba.