Me ake nufi da ƙara wa ma'adinai daraja?

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamban 2024, wanda aka ƙaƙaba tun 2019, maganar ƙara wa ma'adinai daraja ba ta barin bakin jami'ai. Ministan ma'adinai, Dele Alake, ya sha nanata cewa kamfanin da bai zo da tsarin sarrafa abin da ya haƙo a cikin gida ba, kada ya sa ran lasisi.

Abin da ake nufi shi ne duk aikin da ake yi wa dutse daga bakin rami zuwa hannun mai saye na ƙarshe: fasawa, niƙa, wanki, raba ma'adinin da ƙasa, narkarwa, tacewa, har ƙera sarƙa ko zobe. Kowane mataki da kuɗinsa da ma'aikatansa, kuma inda aka yi shi nan ribarsa take zama. Manomin Argungu ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san tazarar da ke tsakanin kuɗin shanshera da na gyararriyar shinkafa.

Yanayin ƙasarmu ne ya sa aikin ya zama dole. Yankin Anka da Maru, har zuwa Zuru da Yawuri, yana kan tsohon dutse mai tauri. Zinarin yana cikin jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara da suka ratsa shi, galibi ƙwayoyi mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Ba ya fitowa sai an niƙe dutsen ya koma gari. In ka nausa wajen Sakkwato ƙasar ta canza, farar ƙasa ce, ita ake mayarwa siminti a Kalambaina.

A ganina, kuskure ne a riƙa magana kamar ba a taɓa sarrafa komai a Zamfara ba. Ana yi, sai dai ta mummunar hanya. A daddatsa dutse da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, ƙura ta turnuƙe wurin. A wanke garin a kwano, a ɗiga zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba da ake kira mercury, a murza da hannu har ta kama zinarin, a matse a ƙyalle, sannan a ƙona 'yar dunƙulen. Zaibar ta tashi hayaƙi, mai ƙonawa ya shaƙa. Kuma zaiba ba ta kama zinarin duka. Mai yawa yana bin ƙasar da aka zubar.

Tsadar wannan hanya ta bayyana a 2010. Dutsen da ake haƙowa a wasu ramukan Anka da Bukkuyum cike yake da dalma, ga shi ana niƙa shi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, gubar ta kashe yara aƙalla 400. Bagega kuwa sai a 2013 aka samu kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Saboda haka ƙara daraja a nan ba daga katafariyar matata take farawa ba. Tana farawa daga wurin niƙa a bayan gari, mai niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, da injin da ke raba zinari ta nauyinsa ba tare da zaiba ba, da wurin gwaji inda mai haƙa zai san ingancin kayansa kafin dillali ya yanka masa farashi. Rashin wannan na ƙarshen, wallahi, shi ya fi ci wa ƙananan masu haƙa tuwo a ƙwarya.

An taɓa gwada mataki na sama, wato tacewa. A Yulin 2020, ƙarƙashin PAGMI, shirin fadar shugaban ƙasa na bunƙasa aikin ƙananan masu haƙar zinari, da aka soma da Kebbi, an miƙa wa Shugaba Buhari tataccen zinari mai nauyin kilo 12.5, Babban Bankin Najeriya ya saye shi kan Naira miliyan 268. Amma har yanzu zinari mai yawa ɗanye yake tsallaka iyaka zuwa Dubai, can ake tace shi a ƙera shi, matanmu su je su sayo.