Binciken Asibiti Kan Ciwon Zuciya: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Gombe

Mene ne bambancin bincike da ganin likita?

Mai ganin likita lafiyar kansa yake nema, shi kuwa bincike ana yin sa ne don a gano maganin da ya fi amfanar masu cutar baki ɗaya. Ana raba marasa lafiya rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, a ba kowane rukuni nasa maganin, a riƙa auna su tsawon watanni, sannan a kwatanta. Ƙuri'ar ce ke hana son ran likita shiga cikin sakamakon.

Tun da an gwada magungunan hawan jini a Turai da Amurka, me ya sa sai an sake a nan?

Saboda ba lallai ne abin da ya karɓi Bature ya karɓe mu daidai da shi ba. A 2019 aka fitar da sakamakon binciken CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan baƙar fata 728 masu hawan jini a ƙasashen Afirka shida. Bayan wata shida an ga cewa haɗa maganin amlodipine da ɗaya daga cikin magungunan hydrochlorothiazide ko perindopril ya fi sauke jini a kan haɗa waɗannan biyun ba tare da amlodipine ba. Likitan da ke rubuta wa dattijo magani a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yanzu yana da hujjar da aka samo a jikin mutane irinsa, kuma a ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da hawan jini ke shanye ɓarin jikin magidanta.

Shin wankan jego da kunun kanwa ne ke kawo wa masu jego ciwon zuciya?

Wannan ciwo, wanda ake gane shi da haki, da kumburin ƙafafu, da tarin da ke hana mai jego kwanciya sai ta jingina da matashi, ya yi yawa a Arewa. Likitocin da suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970 sun zargi kanwa da zafin jego. Daga baya binciken PEACE, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero, ya nuna cewa rama, da rashin aikin yi, da rashin karatun boko, da hawan jini lokacin goyon ciki sun fi kanwa da wankan jego alaƙa da ciwon. Wannan bai wanke kanwa ba ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana, domin tana tara ruwa a jiki kamar yadda gishiri ke yi.

Idan na shiga, ba gwaji za a yi da ni ba?

Tsoron yana da tushe, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Ƙa'ida a yau ita ce kwamitin ɗa'a ya duba binciken, hukumar NAFDAC ta amince da gwajin magani, a yi maka bayani da harshen da kake ji, kuma sai ka yarda kafin ka sa hannu ko ka dangwala. Kana da ikon janyewa duk ranar da ka so, kuma hakan ba zai sa a daina duba ka a asibitin ba. Ka tambayi wanda zai ɗauki nauyin jinyarka idan maganin ya cutar da kai, ka kuma karɓi kwafin takardar ka ajiye.