Tsagar da ke kan gada ba ha'incin ɗan kwangila ba ce

Direbobi da dama a Katsina in taya ta yi ƙara a bakin gada sai su ce an yi ha'inci, an bar tsaga. Da gangan injiniya ya bar ta.

Kankare da ƙarfe suna miƙewa in sun yi zafi, su tsuke in sun huce. Gada mai tsawon mita 100 tana ƙaruwa da kusan milimita 1.2 a kowane ƙarin digiri ɗaya na zafi. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin Afrilu a nan, bambancin kan kai digiri 30, wato gadar za ta miƙe da kusan santimita 3.6. In babu wurin miƙewa, gadar za ta tokare bangon da ke riƙe da ita, kankaren ya fashe.

Abin damuwar shi ne tsagar ta toshe. Yashi da tsakuwa kan cika ta, wasu ma su shafe ta da kwalta wai gyara, wannan kuwa ɓarna ce. In robar cikinta ta yage, ruwan sama zai sauka kan matashin da gadar ke zaune a kai, ƙarfensa ya yi tsatsa. A share ta kafin damina, a canza robar da ta yage.