Gwajin Kayan Riƙe Zafi

Gwajin kayan riƙe zafi gwajin kimiyya ne da yaran firamare da na ƙaramar sakandare ke iya yi a gida, don gano abin da ya fi hana ruwan zafi hucewa, ko hana ƙanƙara narkewa. Ana naɗe gwangwanaye iri ɗaya da kaya daban-daban, a zuba musu ruwa, a riƙa aunawa a ga wanda ya riga hucewa.

Zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, ta hanyoyi uku. Yana ratsa jikin abu, shi ya sa cokalin ƙarfe da aka bari cikin shayi ke ƙona hannu. Yana bin iska ko ruwa mai motsi. Yana kuma fita a matsayin huci, irin wanda fuska ke ji daga garwashi ba tare da an taɓa shi ba. Auduga, ulu, garin katako da farin soson da ake shirya kayan lantarki a cikinsa duk suna riƙe zafi ne saboda iskar da ta maƙale a tsakanin zarurrukansu ko ƙananan ramukansu. Iska in ba ta motsi, da ƙyar zafi ke ratsa ta: saurin da yake ratsa ruwa ya ninka na iska sama da sau 20, na alminiyom kuwa kusan sau 9,000.

Kayan aiki da yadda ake yi

Ana buƙatar gwangwanaye biyar masu girma ɗaya, kamar na madara, da ma'aunin zafi na girki, da agogo, da kwali, da zare. A naɗe na farko da auduga, na biyu da safar ulu, na uku da jarida da aka cukuikuye, na huɗu da takardar alminiyom mai ƙyalli. Kaurin naɗin ukun farko ya zo ɗaya, kamar santimita 2. Na biyar a bar shi haka nan, domin da shi za a kwatanta sauran. In babu shi, ba za a san iyakar amfanin da naɗin ya yi ba.

Babban mutum ne zai zuba ruwan. Zafinsa kada ya wuce digiri 50, don tafasasshen ruwa yana saɓule fata nan take. A zuba mililita 100 a kowane gwangwani daga buta ɗaya, a rufe da murfin kwali mai ƙaramar huda da ma'aunin zai shiga. Sai a riƙa rubuta zafin kowanne bayan minti 5, har minti 30. Za a lura cewa hucewar tana da sauri da farko, sannan ta lafa yayin da zafin ruwan ke kusantar na ɗaki, abin da masanin kimiyya Isaac Newton ya bayyana a 1701.

Abin da ke ɓata sakamako

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin baki a buɗe. Tururi yana kwashe zafi mai yawa ta sama, sai bambancin naɗin ya kusa ɓacewa. Ajiye gwangwanayen a kan siminti ko tayil ma yana janye zafi ta gindi, don haka a ɗora su duka kan kwali ɗaya, nesa da fanka da taga.

Ɗaure auduga tamau yana matse iskar cikinta, sai aikinta ya ragu. In ta jiƙe abin ya fi muni, domin ruwa ya maye gurbin iskar, kuma yayin bushewarsa yana ƙara sanyaya gwangwanin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Takardar alminiyom takan ba yara mamaki: tana mayar da huci baya, amma in ta manne da gwangwanin zafi na ratsa ta cikin sauƙi. Ta fi amfani a saman auduga. Ma'aunin zafi na asibiti bai dace ba, don yawanci ba ya wuce digiri 42, mai ruwan zaiba a ciki kuwa haɗari ne in ya fashe.

Gwaji da ƙanƙara

Inda babu ma'auni, ana sa ƙanƙara mai girma ɗaya a kowane gwangwani, bayan awa ɗaya a auna ruwan da ya narke da sirinji marar allura. Yana da kyau a fara tambayar yaran wanne zai riga narkewa. Da yawa sukan zaɓi mai safar ulu, don suna ɗauka bargo shi ke samar da ɗumi. Bargo ɗumin jiki kawai yake tsarewa, kuma haka yake tare zafin waje, shi ya sa masu sayar da ƙanƙara ke lulluɓe ta da buhuna ko garin katako. Kular abinci ma soso ne tsakanin bangayenta biyu. Filas ɗin shayi, wanda ya samo asali daga ƙirƙirar masanin kimiyya James Dewar ta 1892, an zuƙe iskar da ke tsakanin bangayensa ne, aka kuma sa musu ƙyalli don mayar da huci.