Waiwaye: harsunan da suka ɓace a inuwar Hausa, da waɗanda ke kan hanya

A ƙarshen watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A Maraɗi labarin ya yi wa jama'a daɗi, kuma da dalili. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali yana jiran tafinta, ko aka miƙo masa takarda ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba, ya san nauyin wannan mataki. Sauran harsunan kuwa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Buzanci da ƴan uwansu, an sa su a rukunin harsunan da ake magana da su a ƙasa. Manya daga cikinsu suna da jama'ar da za ta tsare su. Ƙananan ne abin tsoro, kuma in za a faɗi tsakani da Allah, harshen da ya fi cinye su a wannan yanki namu shi ne Hausa.

Abin ya daɗe. A watan Oktoba na 1850 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Agadas kafin ya gangaro ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina. Ya tarar mutanen birnin suna da harshensu na gida, dangin Sonrai da Zabarmanci, ya zauna ya rubuta kalmominsa. Yau ka zagaya tsohon garin Agadas tun daga babban masallaci har gidan sarki, Hausa da Buzanci za ka ji. Harshen da Barth ya tarar ba mai magana da shi, abin da ya rage sai takardun baƙon da ya wuce.

A kudu da mu ma haka take. Ajawa na ƙasar Bauchi sun bar harshensu tsakanin 1920 da 1940, suka koma Hausa. A yankin Haɗeja da Katagum an yi Auyokawa da Shirawa da Teshenawa, masu harsuna dangin Badanci da Ngizim. Garuruwan suna nan, zuriyar tana nan, harsunan sun tafi. Ba wanda ya zare wa waɗannan mutane takobi ya ce su daina. Kasuwa ce ta ja su, da auratayya, da almajiranci, da sarauta, da kuma gorin da ake yi wa mai harshen ƙauye idan ya shigo birni. Hausa kamar gamji take: inuwarta da sanyi, kowa na son zama ƙarƙashinta, amma ƙaramin itace ba ya yin tsawo a gindinta.

Zamanin Nasara ya zo da tasa cutar, wadda ta shafi kowa har da mu. A lakwal Faransanci kaɗai aka yarda da shi. Dattawan da suka yi karatu a lokacin, da ma waɗanda suka biyo bayansu bayan samun ƴancin kai a 1960, suna tuna sambol: guntun katako ko ƙashi da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi harshen gidansu. Yaron zai wuni yana kasa kunne, yana laɓe bayan abokansa ko wani zai yi subutar baki ya ɗora masa, don wanda abin ya kwana a wuyansa shi ke shan bulalar mushe, wato malamin aji. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne darasin da yaro ya ɗauka ya tafi da shi gida, cewa maganar uwarsa abin kunya ce. Ɗan Bahaushe yana fita ƙofar lakwal ya tsinci harshensa a kasuwa da masallaci da dandali, raunin ya warke. Ɗan ƙaramar ƙabila kuwa a ajin an hana shi, a waje kuma Hausa ta tare shi.

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan rubuta wasu manyan harsunan yankin, ciki har da Hausa, Fulatanci, Barbarci, Zabarmanci da Buzanci. A 1968 aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda yau ake kira CELHTO, inda aka ɗauki muryoyin maroƙa da masana tarihi a kaset. A 1973 aka fara makarantun gwaji a Damagaram, inda yaro ke soma karatu da harshen gida kafin a shigo masa da Faransanci, daga baya tsarin ya haɗa harsuna 5. Binciken da aka yi ta yi ya nuna yaran waɗannan makarantu suna kama karatu da sauri, amma aka yi shekaru gommai ana ce musu na gwaji. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, sannan dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa 10: Larabci, Budumanci, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Barbarci, Zabarmanci, Buzanci, Tasawak da Tubanci.

A ganina nan gizo ke saƙa. Manyan biyar sun samu littattafai da malamai da lokaci mai tsawo a rediyo. Irin su Tasawak da Budumanci sun samu suna a doka, amma rabonsu a aji bai taka kara ya karya ba.

Tasawak harshen mutanen Ingal ne da Tegidda, masu dabino da gishiri, kuma ɗan uwa ne na jini ga wancan harshe da ya ɓace a Agadas. Ginshiƙinsa Sonrai ne, kalmominsa da yawa na Buzanci. Masu jin sa dubbai ne kawai. Duk shekara ƙasa na taruwa a Ingal don bikin gishiri na makiyaya, a ɗauki hotunan raƙuma da rawar Bororo, amma da wuya ka ji an ambaci harshen masu masaukin. Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, suna zaune ne a tsibiran tafkin Chadi da kifinsu da shanunsu masu manyan ƙaho. Ruwa ya ja baya tun farin shekarun 1970, sannan rashin tsaro ya sa aka kwashe mutanen tsibirai a 2015 zuwa tudu, wajen Gigimi da kewaye. Yaron da ya tashi a sansanin gudun hijira, abokan wasansa na yin Barbarci da Hausa, ba kwalekwale ba tsibiri, ina zai yi amfani da sunayen kifaye da iskoki da kakansa ya sani?

Ba sai mun je nesa ba. A jihar Maraɗi akwai Fulani da Buzaye da yawa, musamman wajen Dakwaro da Bermo da Gadabeji. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi, suka koro iyalai cikin gari neman gadi da dako da sayar da shayi. Fulatanci a dunƙule ba ya cikin hatsari, miliyoyi ke yin sa daga Senegal har Sudan. Amma a gida ɗaya ɗaya yana mutuwa, kuma kowa na iya gani. Tsaya wajen masu nono a babbar kasuwa da hantsi. Tsohuwa na zaune bayan ƙwaryarta tana dama fura, ta juya ta yi wa jikarta magana da Fulatanci, yarinyar ta ji sarai, ta tashi ta ɗauko ludayin da aka aike ta, amma amsar da ta bayar ita ce, "To Inna, ga shi." Wannan yarinya tana ji ba ta mayarwa. Ƴaƴanta, in aka bar abin haka, ko jin ba za su yi ba. Hawa uku ya isa. Kuma mu da ke tsaye muna jiran fura muna da hannu, domin mu ne muke dariya idan Bafulatani ko Buzu ya karkace harshe, har muka mayar da abin kayan barkwanci a wasannin kwaikwayo.

A duniya ana lissafin harsuna kusan 7,000, kuma UNESCO na cewa kimanin kashi 40 cikin 100 suna fuskantar ɓacewa. Tun 2000 ake bikin ranar harshen uwa kowace 21 ga Fabrairu, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 2022 zuwa 2032 don harsunan ƴan asali. Bukukuwa ba sa hana harshe mutuwa, amma akwai inda aka juya akalar. Mutanen Maori na ƙasar Nuzilan sun wayi gari a shekarun 1970 tsofaffi kaɗai ke jin harshensu sosai. A 1982 suka buɗe gidajen renon yara inda kakanni ke wuni da jikoki, ba a furta komai sai Maori, ana wasa ana waƙa ana cin abinci da shi. Sai a 1987 gwamnati ta mayar da shi harshen hukuma. Kakannin ne suka riga doka. Mutanen Hawai suka kwaikwayi tsarin, su ma suka samu sabon zubin yara masu harshen.

Wannan dabara ba ta fi ƙarfinmu ba, don abin da take bukata muna da shi, wato tsofaffi da rumfa da yara. Rediyoyin karkara na jihar Maraɗi za su iya ƙara wa Fulatanci da Buzanci lokaci, a sa tatsuniya da waƙar yara maimakon sanarwa kawai. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da suka fito daga waɗannan gidaje kowa na da salula a aljihu, za su iya ɗaukar muryar kakanninsu lokacin hutu, a ajiye a jami'ar da sunan garin da shekarar. Su kuma masu tsara yadda Hausa za ta shiga makarantu da ofisoshi, ya kamata tun yanzu su fayyace da wane harshe za a tarbi ɗan shekara 6 a ajin farko a Bermo, ko Ingal, ko Gigimi, kuma a tura masa malamin da ke jin harshen gidansu.