Tsaron Unguwannin Shaƙatawa na Dare ta Hanyar Haɗin Gwiwa

Tsaron unguwannin shaƙatawa na dare aiki ne da ke haɗa masu mashaya da gidajen rawa, 'yan sanda, asibitoci, direbobin haya da mazauna unguwa domin rage faɗa, sata da cin zarafi. Rikici kan ɓarke ne a bakin titi lokacin tashi, wurin da ba hurumin kowane gidan shaƙatawa ba ne. Idan gidaje suka rufe lokaci guda, jama'a suka fito a buge, motocin haya kuma suka yi kaɗan, layin jiran mota da na sayen abinci su ne matattarar rigima.

Ginshiƙin aikin shi ne musayar bayani. A tsarin Pubwatch na Birtaniya, wato haɗin gwiwar masu mashaya, masu gadin ƙofa suna magana da juna ta rediyon hannu, wanda aka haramta wa shiga gida ɗaya saboda tashin hankali kuma an haramta masa sauran. In ba haka ba, korar mai rigima tura shi ne kawai gidan maƙwabci.

Tsarin birnin Kadif na Birtaniya, wanda likitan tiyata Jonathan Shepherd ya assasa, ya fi zurfi. Ya lura cewa da yawa daga waɗanda aka ji wa rauni asibiti suke zuwa, ba sa kai ƙara. Don haka sashen gaggawa ke rubuta abu uku: inda abin ya faru, lokacin, da makamin da aka yi amfani da shi. Ana cire sunaye, a miƙa wa 'yan sanda da hukumar birni. Da wannan ake sauya hanyar sintiri, a hana motoci bin wasu tituna da dare, ko a wajabta kofunan roba maimakon na gilashi, tunda fasasshen kofi makami ne.

Akwai kuma 'yan sa-kai irin Street Pastors, da suka fara a Landan a 2003, masu ba da ruwa da raka wanda ya rabu da abokansa. Landan ta naɗa jami'a mai kula da harkokin dare a 2016, bayan Amsterdam ta yi makamancin haka.

Tsarin kan rushe idan manyan gidaje suka daina zuwa taron haɗin gwiwa, ko aka mayar da jerin waɗanda aka haramta wa shiga hanyar wariya. Tsaurara tsaro a titi ɗaya kuma yakan kora matsalar zuwa lungun baya, inda babu fitila balle kyamara.