Waiwaye: yadda ake raba aure a Damagaram ba a je gaban zuzu ba

A Damagaram, wato Zinder ta ƙasar Nijar, aure kan mutu kotu ba ta ji labari ba. Miji ya furta saki, mace ta koma gidan iyayenta ta yi idda, waliyyai su zauna a zaure su daddale maganar kayan ɗaki da ciyar da yara. In ta gagara sai mai unguwa ko liman, daga nan fadar Sarki a Birni, inda alƙali ke sauraren rigimar aure. Malamai na kafa hujja da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ce a tsayar da mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, ta zama babban birnin ƙasar daga 1911 har 1926, amma aure da saki sun bar su ga al'ada. Dokar tsarin shari'a ta 16 ga Maris 1962 ta bi sawu: aure, saki da gado ana yanke su bisa al'adar masu ƙara, zuzu kuma, wato alƙalin kotun gwamnati, ya zauna da masana al'ada. Dokokin 2004 da 2018 ba su taɓa wannan tushe ba. Sarakuna kuwa, dokar 1993 ta ba su ikon sasantawa kawai, ban da yanke hukunci, kuma a rubuta abin da aka amince a takarda. Yunƙurin kafa dokar iyali ya ci tura a 1994 saboda adawar ƙungiyoyin Musulunci, haka ma a 2011.

Sulhun zaure yana da araha, yana rufa asiri, yara ba su ga iyayensu suna tone-tone ba. Sai dai ƙarfin bai zo ɗaya ba. Namiji saki na bakinsa. Macen da ta gaji sai ta nemi hul'i, sau da yawa ta mai da sadaki, ana ta ce mata "ki yi haƙuri". Mazhabar Malikiyya ta bar wa uwa riƙon ɗa har ya balaga, amma al'ada kan miƙa shi ga uba yana ɗan shekara 7. Takardar sulhun ma ba kowa ke neman ta ba, saboda kunyar surukai. Ranar da kuɗin ciyarwa ya daina zuwa, ko uba ya aiko a ɗauki yaro, matar ba ta da abin nunawa sai shaidun zaure, waɗanda rabinsu dangin mijin ne.